Gefen soson ya juya, tsakiyarsa ta ƙi: ina matsalar take?

Ɗalibar Injiniya:

Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Ina digirin digirgir a fannin injiniyan kayan ƙira, aikina kuma a kan soso ne, irin foliyuritan ɗin nan mai buɗaɗɗun ramuka da ake sawa a kujera da matatar iska. Bari in ɗan yi shimfiɗa saboda waɗanda ba fanninsu ba ne, kafin in kawo kukana.

Kusan duk abin da ka ja, sirancewa yake yi. Ja roba ka gani. Ma'aunin Poisson shi ke nuna yawan wannan sirancewar: na roba ya kusa 0.5, na ƙarfe wajen 0.3, na soson da aka saba ma ba shi da nisa da nan. Wanda nake ƙoƙarin yi kuwa, in ka ja shi sai ya ƙara kauri, in ka danne shi sai ya tsuke ta gefe, wato ma'auninsa ya faɗa ƙasa da sifili. Masu fannin suna ce masa okzetik. Roderic Lakes ne ya fara yin sa a 1987, ya samu har -0.7, kuma hanyarsa ce yawancinmu muke bi har yau. Za ka yanki soso wanda ya fi akwatin ƙarfenka girma, ka cusa shi ya matsu ta tsawo da faɗi da tudu, ka sa a tanda ya yi laushi, ka bar shi ya huce yana cikin akwatin. Jijiyoyin da suka kewaye kowane rami sai su lanƙwashe su shige ciki, su sandare a haka. Da ka ja sai su miƙe, kowace ta ture maƙwabciyarta waje.

A ƙaramin akwati mai santimita 2 ba ni da matsala. Ina matse kowane gefe ya koma kusan kashi 70 cikin 100 na yadda yake, wanda ke rage girman soson gaba ɗaya wajen ninki uku, in gasa a digiri 170 na ma'aunin Salshiyas, ya fito tsaf. Na miƙa wa mai duba aikina, ya ja da hannunsa, ya ga yana kumbura, ya yi murmushi ya ce to yanzu a yi babba, tunda ba kamfanin da zai sayi abin da bai wuce babban yatsa ba. Daga nan wahala ta fara.

A akwati mai santimita 10, in na fito da shi, waje ya yi kyau, sai dai wasu tamoji masu zurfi a fuskokinsa da ɗan rawaya-rawaya a kusurwa. Da na sa wuƙa na raba shi biyu, tsakiyar sai ta turo kai waje, ta yi tozo a kan yankan, fara sol kamar wuta ba ta taɓa ta ba. A madubin ƙara girma ramukan gefe duk sun murƙushe yadda ake so, na tsakiya kuwa suna nan da siffarsu ta asali. In na ƙara lokaci a tanda, waje ya ƙone, ya yi tauri, jijiyoyin su manne da juna, ka ja su ƙi buɗewa.

Na biyu, har ƙananan da suka yi kyau, in na ajiye su a durowa na dawo bayan wasu makonni, sai in tarar sun ɗan ƙara girma, kumburin kuma ya ragu. Na uku, wanda ya fi ba ni haushi: soson da muka fara da shi ya ƙare, aka sayo wani mai suna ɗaya, launi ɗaya, yawan ramuka ɗaya a kan takarda, amma a zafin da na saba ya ƙi kamawa sam.

Mai duba aikina mutumin lissafi ne da kwamfuta, ba mai shiga ɗakin gwaji ba ne, amsarsa kullum ita ce in ƙara gwadawa. Ni kuwa lokacin tallafina yana tafiya. Don Allah wanda ya taɓa kokawa da wannan abu ya taimaka min. Hanyar ce ba ta dace da babban soso ba, ko ni ce ban iya ba?

Tsohon Ma'aikacin Lab:

Wa alaikumus salam 'yata. Sannu da ƙoƙari. Ni ba dakta ba ne, amma na daɗe ina tsaye a gaban tanda ina taya masu neman zama daktoci, don haka ki saurara.

Tozon nan da kika gani ya riga ya ba ki amsa. Tsakiyar ta matsu, da ba ta matsu ba da ba ta turo ba. Abin da ba ta samu ba shi ne zafi. Ɓawon waje ne ya gasu ya riƙe ta, da kika yanka ta samu ƙofa ta koma yadda take. Ki tuna da soso ake lulluɓe abu don kada zafi ya wuce, ke kuma kina son zafi ya ratsa shi. Lokacin da zafi ke ɗauka kafin ya kai tsakiya ba daidai da kauri yake ƙaruwa ba, kaurin ake ninkawa da kansa. Daga santimita 2 zuwa 10 ninki 5 ne, to lokacin ninki 25 ne. Lambar da ke fuskar tanda zafin iskar tanda ce, ba ta san abin da ke cikin akwatinki ba.

Kafin ki sake ɓata wani soso, ki huda murfin akwatin ki zura siririyar wayar auna zafi har tsakiya, wata a rabin hanya, wata a jikin bango. Ki zauna da agogo ki rubuta. Sai tsakiyar ta kai zafin da kike so sannan ki fara ƙirga lokacin gashi. Za ki ga dole ki sauke wutar ki tsawaita zaman, domin a 170 waje zai ƙone kafin ciki ya ji ɗumi. Haka wajen hucewa: akwatin zai yi sanyi a hannu alhali ciki da zafinsa. In kika buɗe a lokacin, aikin ya warware.

Tamojin kuma daga wajen cusawa suke. Soso ba ya son shiga matsattsen wuri, yana kama bango, sai gefe ya ninke ya matsu fiye da ƙima, tsakiya ta samu saura. Ki shafa wa bangon mai kaɗan. Ki daina turawa daga baya, ki riƙa jawo shi ta gaba da zare ko siririyar waya da kika soka a jikinsa. Mafi kyau ma a ƙera miki akwati mai bango shida da ake ɗaurewa da kusoshi, ki ajiye soson a tsakiya ki riƙa ɗaure su bi da bi, kaɗan-kaɗan. Wasu suna soka dogayen allurai su ratsa soson kafin matsawa, don allurai su ɗauki matsin su kai shi ciki. Yana aiki, sai dai ramukan allurai suna zama.

Wannan kukan naki tsoho ne. Wasu masu bincike, Chan da Evans, sun yi rubutu a kansa tun 1997, maganinsu kuma shi ne kada a matse babban soso a tashi ɗaya: a yi mataki-mataki, a matsa kaɗan a gasa, a fito da shi, a ƙara matsawa a sake gasawa. Mannewar jijiyoyi kuma, ana fito da soson da ɗuminsa a ɗan ja shi a hankali ta kowace fuska, a mayar, sannan a ƙarasa da wuta mai sauƙi wajen digiri 100. Sa safar hannu.

Wani abu da ɗalibai ke mantawa: lokacin da ake zuba soso a masana'anta, tashi yake yi sama, don haka ramukansa sun fi tsawo ta wannan fuskar. Ki sa alama da biro a kan babban curin tun kafin wuƙa ta taɓa shi, kowane yanki ya tafi da alamarsa.

Mai Kimiyyar Sinadarai:

Baba ya yi gaskiya a kan tozon, ban da abin ƙarawa. Amma tambayarki ta biyu da ta uku, ba a tanda gizo ke saƙar ba. Ku injiniyoyi kuna ɗaukar soso kamar siffa ce kawai, ramuka da jijiyoyi, ku manta da abin da aka yi jijiyar da shi. Foliyuritan suna ne na dangi guda, ba na abu ɗaya ba. Takardar mai sayarwa tana gaya miki nauyi da yawan ramuka a inci, ba ta gaya miki haɗin sinadaran, kuma kamfani yana iya canza haɗinsa bai sanar da kowa ba muddin kujera ba ta canza a mazaunin mai saye ba.

Ki tambayi kanki, mene ne yake riƙe lanƙwasar bayan an huce? Dole akwai wani ɓangare a jikin jijiyar da yake laushi da zafi, ya sake tsari, ya sandare a sabon wuri, yayin da sauran yake nan kamar roba yana son komawa gida. Ja-in-ja ce tsakanin biyun. In riƙon bai yi ƙarfi ba, robar tana cin nasara a hankali, shi ne ƙarin girman da kike gani a durowa. Rukunin Scarpa a Jami'ar Bristol sun nuna cewa in ka sake ɗumama soson da aka juya, ba tare da akwati ba, yana komawa kusan yadda yake da farko. Wato siffar okzetik ɗin aro ce, ba ta zama tasa ba. Duk wanda zai sa wannan soso a mota da ke kwana a rana ya kamata ya san haka.

A 2016 Li da Zeng na Jami'ar Jihar Florida sun nuna cewa a sosan da suka yi aiki da su, masu riƙon su ne ƙananan ƙwayoyin wata roba mai tauri da ake kira SAN, wadda masana'antu ke zubawa don soso ya ƙara ɗaukar nauyi. Tana laushi ne kaɗan sama da digiri 100. Soson da ke da ita yana kamawa a wuta mai sauƙi, wanda ba shi da ita sai an kai shi kusa da inda zai fara lalacewa. Ina kyautata zaton abin da ya raba tsohon sosonki da sabon ke nan. Ki ɗauki ɗan guntu daga kowanne, in akwai ragowar tsohon ko a kwandon shara ne, ki kai sashen sinadarai a yi miki gwajin hasken infirared da gwajin da ke nuna zafin da abu ke laushi. Aikin yini ɗaya ne. Ruwa ba ya tsami banza.

Kuma ba dole sai da wuta ba. Grima da abokan aikinsa a Jami'ar Malta sun juya soso da wani ruwan sinadari da ake kira asiton a 2009: a jiƙa, a matse, a bar shi ya bushe a matse. Su Li da Zeng kuma iskar kabon dayoksaid suka tura da ƙarfi, ta shiga ƙwayoyin SAN ta tausasa su a zafin ɗaki. Ruwa da iska suna bin buɗaɗɗun ramuka su kai tsakiya ba tare da jiran da zafi ke yi ba, don haka matsalar ɓawo da tsakiya tana raguwa sosai. Ba kyauta ba ce dai. Asiton yana kama wuta, kuma ranar da ya sake taɓa soson a sake, aikin ya koma baya. Iskar kuma tana buƙatar tukunyar matsi mai ƙarfi, wadda girmanta shi ne iyakar girman sosonki.

Rawayar da kika ambata kada ki raina ta. Foliyuritan in ya fara ƙonewa hayaƙinsa guba ne. A yi gashin inda akwai mazuƙar hayaƙi, ba a rufaffen ɗaki ba.

Ɗalibar Injiniya:

Allah ya saka da alheri. Baba, na zura wayoyin kamar yadda ka ce. A lokacin da na saba kashe tanda, ta bango ta daɗe da kaiwa, ta tsakiya kuwa ko digiri 100 ba ta kai ba. Gani ya kori ji. Na kai wa mai duba aikina zanen, ya daɗe yana kallo, ya ce in ba shi lambobin zai gina lissafin tafiyar zafin a kwamfuta. Karon farko ke nan da muka samu abin da ya haɗa mu.

Malam mai sinadarai, na samu guntun tsohon soson, an karɓa za a gwada. Sai dai maganarka ta tayar min da hankali. In siffar aro ce, kuma kowane curi da halinsa, me zan rubuta a kundi? Taken aikina cewa ya yi zan samar da hanyar ƙera babban soso mai hali iri ɗaya ko'ina. In hakan bai samu ba fa?

Dakta Sabon Gamawa:

Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Nawa aikin a kan soson ƙarfe ne, amma ramuka duk ramuka ne, kuma ban daɗe da fitowa daga gaban masu jarrabawa ba. Ba a ba mutum digirin digirgir don ya ƙera kayan sayarwa. Ana ba shi ne don ya nuna abin da ba a sani ba, da hujjar da wani zai iya maimaitawa. Babban curin da kike kallo a matsayin ɓarna, ni babi biyu nake gani a ciki. Ki yanyanka shi ƙanana, ki sa wa kowane lamba da wurinsa, ki auna nauyinsa da girmansa, ki auna ma'aunin Poisson ɗinsa, ki jera su kusa da zafin da wayoyin Baba suka nuna a wurin. In kina da damar na'urar sikanin eksire, ki ɗauki hoton jijiyoyin daga gefe zuwa tsakiya. Ranar da kika iya cewa ga zafi kaza, ga matsi kaza, ga abin da zai fito a wuri kaza, kin fi wanda ya yi sa'ar curi ɗaya mai kyau bai san dalili ba. Akwai ma masu neman soso mai hali daban-daban daga gefe zuwa tsakiya da gangan, domin kayan kariya na 'yan wasa.

Inda nake jiye miki tsoro shi ne awo, domin a nan mai jarrabawa na waje zai kafa miki tsinke. Ba ki faɗa mana yadda kike aunawa ba. Wannan soso ba shi da lamba ɗaya. Ma'auninsa yana canzawa da yawan jan da aka yi: da fari yana ƙasa da sifili, jijiyoyi na gama miƙewa sai ya hau ya koma kamar kowane soso. Na ja daban, na dannawa daban. Saboda haka duk lambar da kika rubuta, ki rubuta a wane ja aka same ta, ta wace fuska. Kada ki taɓa shi da ma'aunin hannu, bakin ma'aunin kansa yana lotsa shi. Ki yayyafa masa ɗige-ɗigen fenti, ki kafa kyamara, manhaja ta bi ɗigogin. Ki karanta daga tsakiyar samfurin, nesa da inda injin ya kama, domin can gefen a ɗaure yake ba ya motsi yadda yake so. Dannawar farko kuma kullum ta fi na baya tauri, shi ya sa ƙa'idar gwajin soso ta duniya, ISO 3386, ta ce a danna sau uku a ɗauki na huɗu. Ki bar samfuran su huta a digiri 23 da laima kashi 50 kafin gwaji. In kuma kika ga lamba ta wuce -1, kada ki yi murna tukuna. Abin da halinsa ɗaya ne ta kowace fuska ba ya fita daga tsakanin -1 da 0.5, don haka samfurinki ya fi matsuwa ta wata fuska ke nan, sai ki juya shi ki sake aunawa.

Sai maganar da kowa ke kwafa a gabatarwar kundinsa, wai soson okzetik ya fi jure lotsawa. Ki yi hattara da ita. A lissafin lotsawa, ma'aunin Poisson ninka shi ake yi da kansa a cire daga ɗaya. To -0.3 da 0.3 in an ninka duk 0.09 ne, babu bambanci. Sai an gangara wajen -0.7 abin ke fara tasiri, inda ɗaya ke komawa 0.51. Sannan sosonki ya ninka na asali nauyi kusan sau uku. In kika gwada shi da uwarsa, wato soson asalin da aka yi shi da shi, ya fi ta, wa ya ce ba nauyin ba ne? Ki nemo soso na yau da kullum mai nauyi daidai da naki ki gwada su. Mai jarrabawa zai yi wannan tambayar, gara ki riga shi.

Abin da ba a musu a kai, kuma za ki iya nuna shi a ranar kare kundi da hannunki: ɗauki falle na soson da aka saba ki lanƙwasa, gefunansa za su ɗaga ya yi siffar sirdi. Fallen okzetik kuwa duka ɓangarorin ƙasa suke yi, ya rungumi gwiwa ko kai ba tare da ninkewa ba. Don haka ni da ni ne, zan zauna da mai duba aikin in roƙi a gyara take, a koma kan falle mai faɗi maimakon curi mai kauri. Masu yin hular kwano da kariyar gwiwa falle suke nema, kuma gyaran take a tsakiyar digiri ba abin kunya ba ne.

Tsohon Ma'aikacin Lab:

Dakta, shawarar falle ta yi, zafi zai ratsa santimita 2 komai faɗinsa. Amma 'yata ki sani, wahalar ba tafiya ta yi ba, wuri ta canza. Falle yana da sauƙin dannewa ta kauri, ta faɗi ne yake gardama: kina matso shi daga gefe zai yi tsalle ya lanƙwashe, ko gefuna su tattare tsakiya ta zauna yadda take. A nan allurai suke da amfani na gaske. Ki zana layuka a kan fallen tun kafin matsawa, gida-gida daidai wa daida, in ya fito ki auna kowane gida ki ga ko sun ragu iri ɗaya.

Kuma wannan karon a sayo soso mai yawa daga curi ɗaya, wanda zai kai ki ƙarshen aikin. Ki naɗe shi a baƙar leda, domin haske ma yana tsufar da shi. Ki ware ƙananan samfura na durowa, ki riƙa auna girmansu duk mako a rana ɗaya kina rubutawa, wasu a zafin ɗaki, wasu a tanda mai ɗumi kaɗan. Ki fara tun yanzu, shi wannan gwajin ba a hanzarta shi a watan rubuta kundi.